Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai: Yadda Ake Jarraba Sabon Jirgin Ruwa

Wannan lacca ce da wani injiniyan jiragen ruwa, haifaffen Maradi, ya gabatar a gaban ɗalibai da kanikawa da masu motocin sufuri a wani ɗakin taro da ke cikin gari. An rubuta ta daga muryar da aka naɗa, an rage maimaici da dogayen gaishe-gaishe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamaina, ƙannena ɗalibai, da abokan sana'ata kanikawa da nake hangowa can baya, barkanku da yamma, sannunku da zuwa.

Da aka tambaye ni abin da zan yi magana a kai, na ce jirgin ruwa. Wanda ya gayyace ni ya yi shiru a waya, can ya ce, "Malam, Maradi fa za ka zo." Na gane nufinsa. Ƙasarmu ba ta da teku. Ruwan da yaron Maradi ya buɗe ido ya gani shi ne Gulbi idan damina ta yi albarka, sai tafkin Madarunfa. To amma ku shiga kasuwa ku duba. Shinkafa, tayar mota, babur, wayar da ke aljihunku, wanne ne bai kwana bisa teku ba kafin ya sauka Kwatano ko Lome ko Legas? Ɗanyen man Agadem ma, tun 2024, bututu yake bi na kusan kilomita 2,000 har Seme a gaɓar Benin, daga can jirgi ya ɗauka. Muna cin teku, ba ma dai ganin ta.

Na zaɓi jirgin yawon shaƙatawa ne da gangan, wato jirgin da mutane ke biyan kuɗi su hau don hutu, su yi mako guda suna zaga tsibirai su dawo inda suka tashi. Lodinsa rayuka ne, dubbai, cikinsu har da tsofaffi da jarirai. Shi ya sa a duk duniyar jirage babu wanda ake tsananta wa bincike kamarsa.

Bari in ɗauki guda ɗaya mu bi shi. Sunansa Icon of the Seas, na kamfanin Royal Caribbean. An ƙera shi a ma'aikatar Meyer da ke garin Turku a ƙasar Finlan. An yanka ƙarfen farko a watan Yunin 2021, an sa shi bisa ruwa a Disambar 2022. Tsawonsa kusan mita 365, wato ku jera filin ƙwallo uku da rabi. Bene 20 gare shi. Idan ya cika maƙil yana ɗaukar fasinja 7,600, ga ma'aikata 2,350. Ku tara, mutum dubu goma ne ba kaɗan. Gari ne sukutum, da asibitinsa da gidan burodinsa da masu shararsa. A faɗin ciki ya ninka Titanic fiye da sau biyar. Injinansa shida ne, na kamfanin Wärtsilä, suna ba da wuta fiye da megawat 60. Don ku kwatanta, tashar hasken rana ta Goru Banda kusa da Yamai megawat 30 ce. Jirgi ɗaya ya ninka ta biyu da ɗoriya.

To ga shi an gama gini, an kashe kusan dala biliyan 2. An zana shi a kwamfuta, an ƙera ɗan ƙaraminsa an ja shi cikin doguwar kwatarniyar gwaji, an gwada kowane inji a tsaye bakin gaɓa. Duk da haka ba wanda zai sa hannu ya karɓa. Bahaushe ya ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A watan Yunin 2023 aka fitar da shi tekun Baltik kwana huɗu, ba fasinja ko ɗaya, sai ƙwararru sama da 450. Aka maido shi, aka yi gyare-gyare, aka sake fita da shi a ƙarshen Oktoba, wannan karon kamar mako guda. Sai ranar 27 ga Nuwamba aka miƙa shi ga masu shi, kuma bai ɗauki fasinja na kuɗi ba sai 27 ga Janairun 2024 daga Mayami a Amurka.

Su wa ke cikin jirgi ranar gwaji? Ku riƙe wannan, don nan maganata ta yau take. Ɓangare uku ne. Akwai maƙera, kuma har lokacin jirgin nasu ne, su ke da alhakinsa. Akwai mai saye, da kyaftin ɗinsa da injiniyoyinsa, suna kallo suna rubutawa. Sai na uku, wanda bai ƙera ba, bai saya ba: mai binciken hukumar tantance jirage, irin su Lloyd's Register ta Ingila da ta samo asali tun 1760, ko DNV ta Norwe, ko Bureau Veritas ta Faransa. Idan wannan mutumin ya ƙi sa hannu, babu takarda. Idan babu takarda, babu inshora, kuma babu tashar da za ta bari ka ɗauki fasinja. Bayan haka, kaso mafi tsoka na kuɗin jirgi sai ranar miƙawa ake biya. An rubuta a yarjejeniya gudun da jirgin zai yi da man da zai sha. In ya gaza kaɗan, maƙera su biya tara. In ya gaza da yawa, mai saye yana da ikon cewa ba ya so.

Gwajin farko tun jirgi na bakin gaɓa ake yin sa, kuma direbobin manyan motoci za su fi kowa gane shi. Kun san motar da aka loda wa buhunan wake ko albasa har suka yi tozo sama da bodi, yadda take rangaji a kwana? Nauyi ya hau sama. Jirgi mai bene 20 ma tambayarsa ke nan: ina tsakiyar nauyinsa ta zauna? Sai a zaɓi ranar da iska ta kwanta, a sassauta igiyoyi, a kawo tubalan ƙarfe da aka san nauyinsu, a matsar da su daga wannan gefe zuwa wancan. An rataye zare mai dalma a baki, ana auna ɗan karkacewar da ya yi. Da wannan ƴar karkata ake lissafa ko jirgin zai iya miƙewa idan igiyar ruwa ta kwantar da shi. Sirrin waɗannan jirage shi ne injina da tankunan mai da na ruwa duk suna can ƙasa, saman kuma an sassauta masa nauyi.

A teku kuma sai gwajin gudu. Ana bin hanya ɗaya a tafi, a juyo a dawo ta kanta, a raba, don kada iska ko jan ruwa su yi wa jirgi alfarma. Gudun irin wannan jirgi wajen kilomita 40 ne a awa. Na ga wani ɗan kabu-kabu yana murmushi. Haka ne, babur ɗinka ya fi shi gudu, amma shi ba shi da birki.

Wannan ita ce babbar magana. Jirgi ba shi da taya, ba shi da ƙasar da zai kama. In kana so ya tsaya, sai ka juya ƙarfin farfela baya, ka jira. Gwajin tsayawar gaggawa shi ne a sake shi da cikakken gudu, sannan a ba da umarnin baya gaba ɗaya. Na taɓa kasancewa a ɗakin inji ranar irin wannan gwaji, a wani jirgin kaya da muka fito da shi daga gyara. Na aje kofin shayi bisa tebur. Da umarnin ya zo, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafata ya fara kaɗawa, kofin ya yi ta tafiya da kansa har ya kai baki na cafe shi. Bututai na kuka, ƙura na zubowa daga wuraren da ba wanda ya taɓa sharewa, haƙoranka na haɗuwa. Babban injiniyanmu, dattijo ne, ya dafa jikin injin da tafin hannu kamar mai lallashin doki, idonsa na kan allurar zafi. Mintoci suna wucewa jirgi bai daina tafiya gaba ba. Ƙa'idar Hukumar Jiragen Ruwa ta Duniya, IMO, ita ce jirgi ya tsaya cikin tazarar da ba ta wuce tsawonsa sau 15 ba. Ku lissafa da mita 365: ya haura kilomita 5. Wato doka ta yarda da tsayawar da za ta ci kilomita biyar. Matuƙin da bai san wannan adadi na jirginsa ba, makaho ne da sitiyari a hannu. Shi ya sa sakamakon gwajin ake bugawa a manna a ɗakin tuƙi, duk wanda ya hau aiki ya gani.

Haka ake gwada juyi: a karya akala gaba ɗaya a ga faɗin da'irar da zai zana, kada ta wuce tsawonsa sau 5. A yi masa tafiyar maciji, dama da hagu, a ga ko yana jin magana ko yana zarcewa. A saki anga, wato ƙarfen da ke kama ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, a ja. A shiga ɗakunan kwana da na'urar auna ƙara da girgiza, don wanda ya biya kuɗin hutu ba zai yarda gadonsa na rawa ba.

Sai gwajin da ni na fi girmamawa: a kashe wuta da gangan. A tsakiyar teku, a ɗauke komai. Mu nan ɗaukewar wuta ba baƙuwa ba ce, in ta tafi sai a fito da tabarma waje a sha iska. A jirgin zamani kuwa wuta ita ce rai, domin farfelar kanta da lantarki take juyawa. In wuta ta tafi, ba tuƙi, ba famfo, jirgi ya juya ya ba igiyar ruwa haƙarƙarinsa. Doka ta ce janareton gaggawa, wanda mu nan muke ce wa gurup, ya tashi da kansa ya karɓi aiki cikin daƙiƙa 45. Na tsaya cikin wannan duhun. Injin da ya yi kwanaki yana ruri a kunnenka ya yi tsit, har kana jin ruwa na shafar jikin ƙarfe daga waje. Ba mai magana. Mai binciken yana riƙe da agogo da ƴar tocila, kowa na ƙirga a zuci. Da fitilu suka dawo na ga gumi a goshin mutanen da suka shekara talatin a teku.

Yanzu bari in zo kan sababbin abubuwa, don kowane sabon jirgi yana zuwa da abin da ba a saba da shi ba, kuma su ne suka fi bukatar ido.

Icon ba shi da filafilin juya akala irin na jiragen da. A ƙarƙashinsa an rataye wasu manyan tuluna uku na ƙarfe, ana kiran su Azipod, na kamfanin ABB. Cikin kowane tulu akwai motar lantarki mai megawat 20, farfela na bakinta, kuma tulun yana juyawa ko'ina, gaba, baya, gefe. Inda ka juya shi, can jirgi zai nufa. A goshin jirgin kuma akwai wasu farfeloli biyar da ke tura shi gefe, har ya iya matsawa bakin gaɓa a kaikaice kamar ƙaguwa. Wannan dabara a Finlan aka fara ta wajen 1990, ta shiga jirgin yawon shaƙatawa a 1998. Kuma ku sani, a shekarun farko irin waɗannan tuluna sun ba da wahala, ƙarafan da sandar farfela ke juyawa a kansu suna cinyewa kafin lokaci, an soke tafiye-tafiye an mayar wa mutane kuɗinsu. Gwajin kwana huɗu ba ya nuna abin da shekara huɗu za ta nuna.

Akwai wata dabarar da ke burge ni saboda sauƙinta. Ana hura iska ta ƙarƙashin jirgi, ƙananan kumfa su shimfiɗu tsakanin ƙarfe da ruwa, jirgi ya riƙa zamewa a kansu. Abin da ake ragewa na mai kaɗan ne cikin ɗari, amma ga mai ƙona tan-tan na mai kullum, kaɗan ɗin nan dukiya ce. Yadda ake tabbatarwa kuwa ba wuya: a yi tafiya da kumfa, a kashe a sake yi, a cire wutar da injin hura iskar ya ci, a ga abin da ya saura. Ruwan sha kuma daga teku suke tace mafi yawansa, a matsa ruwan gishiri da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, gishiri ya tsaya, ruwa ya wuce. Shara ma an sa na'urar da ke gasa ta ba tare da iska ba, a sami makamashi daga ciki.

Wani abin kuma dole ce ta kawo shi. Jirgi mai girman wannan da aka ƙera a Turku, in zai fita zuwa babban teku, sai ya ratsa ƙarƙashin wata gada a ƙasar Denmak wadda tsayinta daga ruwa mita 65 ne. Jirgin ya fi haka tsawo. Sai aka yi bututun hayaƙinsa mai shigewa ciki, kamar eriyar tsohuwar rediyo. Yayansa, Oasis of the Seas, da ya zo wucewa a 2009, bayan an sauke bututun sai da aka ƙara masa gudu, domin jirgi in yana gudu a ruwa marar zurfi yakan ɗan nutsa ƙasa. Da wannan ya wuce, tazarar da ta rage tsakaninsa da gadar ba ta kai mita ɗaya ba.

Babban sabon abu shi ne mai. Jiragen da, baƙin mai mai kauri suke sha, wanda sai an ɗumama shi yake gudu a bututu, hayaƙinsa cike da farar wuta. Daga 2020 doka ta rage farar wutar da aka yarda da ita a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. Icon iskar gas yake sha, wadda aka sanyaya har digiri 162 ƙasa da sifiri ta koma ruwa, girmanta ya ragu sau 600. Ba shi ya fara ba, AIDAnova na Jamus ya riga shi a 2018. Wani kuma, MSC World Europa, wanda masu kallon ƙwallo za su tuna an ajiye shi a Doha ya zama masauki lokacin gasar cin kofin duniya ta 2022, an ɗora masa wata ƴar na'ura ta gwaji mai kilowat 150 da ke mayar da gas lantarki ba tare da ƙonawa ba. Ku lura da ƙanƙantarta a jirgin da ke cin dubban kilowat. Haka masu hankali ke shigo da sabon abu: kaɗan, a gefe, inda in ya mutu ba zai tafi da kowa ba.

A kan gas ɗin nan ina da magana, kuma ra'ayina ne. Gaskiya ne hayaƙinsa ya fi tsabta, mutanen da ke zaune kusa da tashar jirage sun huta da toka da warin farar wuta. Amma irin waɗannan injina ba sa ƙone gas ɗin duka, wani yana sulalewa ta bututu yadda ya shiga. Sunansa mitan, ido ba ya ganin sa, kuma cikin shekara 20 yana riƙe zafi fiye da hayaƙin kabon kusan sau 80. Masu bincike na wata cibiya mai suna ICCT sun bi jirage a teku sun auna, suka fitar da rahoto a 2024 cewa abin da ke sulalewa daga wannan nau'in inji ya kai kashi 6.4 cikin ɗari, alhali Tarayyar Turai 3.1 take lissafawa. Ninki biyu ke nan. Wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu da ba mu taɓa hawa jirgin hutu ba, mu ne muke kwana a waje watan Afrilu saboda zafi, mu ne muka ga abin da ruwan daminar 2024 ya yi wa gidajen laka a garin nan. Don haka idan kamfani ya ce jirginsa mai tsabta ne, ina so in ji wa ya auna, a ina, kuma inji na kan wane irin aiki. Lissafin takarda daban, abin da ke fita ta bututu daban.

Zan ba ku labari biyu, don su ne suka sa na ce ku riƙe maganar mai bincike.

Sarkin Suwidin Gustaf Adolf ya sa aka gina masa jirgin yaƙi mai suna Vasa, da igwa 64 a hawa biyu, aka gama shi a 1628. Kafin ya tashi an gwada shi. Aka sa mutum 30 su riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan. Sau uku kawai suka yi aka tsayar da su, don jirgin ya fara rangajin da kowa ya ga zai kife a nan bakin gaɓa. Babban hafsan jiragen yaƙi yana tsaye yana kallo. Gwaji ya yi aikinsa, ya faɗi gaskiya. Amma sarki na fagen yaƙi yana aiko da takardu a gaggauta, kuma ba a sami mai ƙarfin halin cewa a dakata ba. Ranar 10 ga Agusta jirgin ya tashi, jama'ar Istokholm sun fito kallo. Bai yi tafiyar da ta wuce mita 1,300 ba iska ta kwantar da shi, ruwa ya shiga ta tagogin igwa da aka bari a buɗe, ya nutse a gaban idonsu. Mutum wajen 30 suka mutu. Sai 1961 aka ciro shi, yau yana gidan tarihi. Duk lokacin da na tuna mutanen nan talatin da aka ce su daina gudu, raina yakan ɓaci, domin an sani.

Na biyu na zamaninmu ne, kuma kanikawa ku matso. Viking Sky, jirgin yawon shaƙatawa, shekararsa biyu kacal da fara aiki, ya ci duk gwaje-gwajensa. Ranar 23 ga Maris 2019, da mutum 1,373 a ciki, ya shiga guguwa a gaɓar Norwe, injinansa suka mutu. Me ya kashe su? Man inji, wato wanda ke sa ƙarafan inji santsi, ba wanda ake ƙonawa ba. Man da ke cikin tankunan bai kai rabi ba, alhali maƙerin injin ya ce a riƙe shi wajen kashi 70 cikin ɗari. A ruwa mai kwanciya ba ya nuna komai. Da jirgi ya fara tangaɗi, mai ya riƙa komawa gefe, famfo ya zuƙi iska, injina suka kashe kansu don kada su ƙone. Iska ta yi ta tura jirgin wajen duwatsu, aka saki anga ba ta riƙe shi ba, saura ƙiris aka samu aka tada inji. Jirage masu saukar ungulu suka kwashe mutum 479 ɗaya bayan ɗaya, kafin a kai shi tasha washegari. Allah ya kiyaye. Jirgin miliyoyin dala, abin da ya kusa halaka shi shi ne abin da kowane yaron gareji ke dubawa da safe da ɗan tsumma a hannu.

Nan zan tsaya in karɓi tambaya.

Wani dattijo mai motocin sufuri ya ce: Malam, mun ji. To Titanic da ake ta ba mu labari, shi ba a gwada shi ba ne?

Ranka ya daɗe, Alhaji, an gwada shi. Ranar 2 ga Afrilun 1912, a ruwan Belfas, yini guda, wajen awa 12. An yi masa tsayawar gaggawa ya tsaya cikin kusan mita 780, an sa hannu a takarda da yamma. Bai cika mako biyu ba ya nutse, mutum wajen 1,500 suka rasu. Injinsa lafiya lau. Abin da ya faru, kwale-kwalen ceto 20 ne a cikinsa, masu ɗaukar mutum 1,178, alhali mutanen da ke ciki sun haura 2,200. Kuma bai karya doka ba, dokar ce ta tsufa, an rubuta ta lokacin da jirage ba su kai haka girma ba. Gwaji yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Bayan wannan musiba aka yi yarjejeniyar kare rayuka a teku ta 1914. Yau doka ta ce kowa ya sami gurbi a abin ceto, kuma a iya sauke su duka cikin minti 30. Manyan jiragen fasinja da aka ƙera daga 2010 kuma, an wajabta a raba injinansu ɗaki-ɗaki, yadda in wuta ko ruwa ya ci ɗaki guda, sauran za su iya kai jirgi tasha.

Wata ɗaliba ta ce: Malam, mu da jiragenmu na katako ne, a Madarunfa ko a Gaya, me za mu ɗauka daga wannan?

Madalla da wannan tambaya, ƙanwata. Ruwa bai san bambancin jirgin biliyan biyu da na katako ba. A 2002 jirgin Joola na Senegal, wanda aka yi don fasinja ɗari biyar da ƴan kai, ya kife da dare a gaɓar Gambiya, mutum 1,863 suka rasu, fiye da na Titanic. A Yunin 2023, watan da ake gwada Icon, ƴan biki sama da 100 suka rasu a kogin Kwara wajen Patigi a Najeriya. Kusan kullum maganar ɗaya ce: lodi ya wuce kima, tafiyar dare, babu rigar ceto.

Akwai abin da ba ya bukatar kwamfuta. A jikin kowane babban jirgi akwai wani zane, da'ira da layi ya ratsa ta. In ruwa ya rufe layin, lodi ya yi yawa, jirgi ba ya tashi. Wani ɗan majalisar Ingila, Samuel Plimsoll, shi ya yi ta faɗa har aka sa shi a doka a 1876. Amma da farko mai jirgi aka bar wa ya zana layin inda ya ga dama, sai a 1890 hukuma ta karɓi zanawar. Mu ma za mu iya. A sami ranar da ruwa ya kwanta, a kai jirgi inda ba zurfi, a loda masa buhunan yashi masu nauyin mutane, ana ƙarawa ana duban bakin jirgi. A matsar da wasu buhunan gefe guda a ga yadda yake karkata, da yadda yake dawowa. Inda aka ga ya isa, a rage, a ja layi da jan fenti a gefe biyu, a rubuta adadin mutane da manyan lambobi yadda mai hawa zai gani tun daga tudu. Sarkin ruwa da dattawan masunta su tsaya a kan gwajin, da wakilin magajin gari, kada a bar wa mai jirgi shi kaɗai. A sake yi kowace shekara kafin ruwa ya kawo, don katako yana shan ruwa ya ƙara nauyi. Kuɗin abin duka gwangwanin fenti ne da yini guda.

Na ji an fara kiran magariba. Masu sauran tambaya su same ni a waje bayan salla. Na gode, Allah ya saka da alheri, ya mai da kowa gida lafiya.